Sauya gwiwa: Da me za a kafe ƙarfen a jikin ƙashi?

Duk mai tsoho a gida ya san yadda ciwon gwiwa ke mayar da mutum yin sallah a kan kujera. Shi ya sa masu hali ke kai iyayensu Indiya ko Masar a sauya musu gwiwa. Na lura abin da aka fi tambaya kafin tafiya shi ne ko asibitin na aiki da kwamfuta. A ganina akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wato yadda za a kafe ƙarfen a jikin ƙashi.

Tsohuwar hanya ita ce ta siminti. Ba irin na gini ba ne, wani haɗi ne dangin roba da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, ya daskare cikin minti 10 zuwa 15. Likitan Ingila John Charnley ne ya yaɗa amfani da shi a tiyatar ƙugu wajen 1960. Yana shiga ramukan ƙashi ya cike giɓi, don haka ko likita ya ɗan karkace wajen yanka, simintin kan rufa masa asiri.

Ɗaya hanyar babu siminti. Ana yi wa bayan ƙarfen ƙananan ƙofofi kamar soso, a danna shi da ƙarfi, sai ƙashi ya tsiro cikinsu a makonni 6 zuwa 12. Nan kwamfuta ke da rana. In yankan bai zauna daram ba, ƙarfen zai riƙa motsin da ido ba ya gani, ƙashi ya ƙi kamawa. Tun 1997 da aka fara irin wannan tiyata da jagorancin kwamfuta a Girenobul ta Faransa, babban amfaninta shi ne daidaita yanka da saitin ƙafa.

Sai dai kwamfuta yanka take gyarawa, ba ta ƙara wa ƙashi ƙwari. Dattijuwar da ƙashinta ya zaizaye bayan ɗaukewar al'ada, ina ganin siminti ya fi mata, komai tsadar na'urar asibitin. Hujjar na hannun siminti: nazarin mujallar Lancet na 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya na kai shekara 25, kuma akasarinsu da siminti aka kafe. Hanyar da babu siminti ta fi dacewa da mai sauran ƙuruciya da ƙashi mai ƙwari. Wasu likitocin kan raba, siminti a ƙwauri, cinya kuwa babu.

Kafin a biya kuɗi, a nemi gwajin ƙwarin ƙashi, a kuma karɓo rubutaccen sunan ƙarfen da yadda aka kafe shi. Ranar da ya saki, likitan Asibitin Ƙashi na Dala ne zai nemi takardar, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko tsada da cin ƙashi.