Shin Ko Kun San? Yara da Kwamfutar Gida

Shin ko kun san cewa tun 2015, da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, na'urar ta shiga gidajen da a da ba ta cikin lissafinsu? A Gwarzo da Getso, a Kabo da Garo, akan sayo wa mai shirin jarrabawa ta hannu domin ya saba da danne-danne. Sai dai gidan da ke da mai shirin JAMB yana da ɗan shekara uku, kuma sau da yawa ɗakin kwanansu ɗaya.

Shin ko kun san yawancin abin da ake cewa "yaron nan ya lalata ta" ba lalacewa ba ne? A Windows, idan aka danna Shift sau biyar a jere, wani tsari da aka yi domin masu lalurar hannu yakan nemi ya buɗe. Idan aka danne Shift na dama na daƙiƙa 8, allon rubutu yakan daina kula da dannawa mai sauri, maigida ya rantse allon ya mutu. A wasu kwamfutocin kuma, Ctrl da Alt da kibiya su ne ke juya hoto kai ƙasa ƙafa sama. A haɗa Ctrl da Alt da kibiyar sama, hoto ya miƙe. Tafin hannun yaro kan faɗa kan maɓallai uku a lokaci guda ba tare da ya nufa ba. Saboda haka kafin a biya kuɗin mota a bi ta Rimin Gado da Janguza zuwa wurin mai gyara a Farm Centre ko Titin Beirut, a fara gwada waɗannan.

Shin ko kun san ruwa zalla bai kai koko da shayi da fura ɓarna ba? Ruwa yakan bushe ya tafi. Sukari da nono kuwa suna zama, su yi danƙo a ƙarƙashin maɓallai, su ci siraran wayoyin ciki sannu a hankali, shi ya sa kwamfutar kan yi aiki yau ta mutu bayan mako biyu. Kuma a gaskiya ba yaron ne ke ƙarasa ta ba, babban da ya yi saurin kunnawa "don a ga ko tana yi" shi ne. Wuta ta bi ta jiƙaƙƙen wuri, an gama. Abin yi shi ne a kashe ta nan take, a zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a kife ta a buɗe, sannan a kai wa mai gyara ya kwance ya wanke. Batun binne na'ura a cikin shinkafa kuwa, kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone su bari, don ƙananan ɓarɓashinta na iya shiga ciki.

Shin ko kun san faifan da ke cikin tsohuwar ma'ajiyar bayanai yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wani ma 7,200? Allurar da ke karanta shi tana shawagi a samansa, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ɗaya ba ko kusa. Faɗuwar kwamfuta daga kan gado tana kunne ta isa ta kankare faifan, hotunan biki da takardun makaranta su tafi. Sabuwar ma'ajiya, SSD, ba ta da abin da ke motsi, don haka ta fi jure wannan.

Haka kuma, biro ɗaya da aka manta a kan allon rubutu aka rufe murfi ya isa ya fasa gilashi.

Shin ko kun san a 2006 Apple ya fito da caja mai maganaɗisu, MagSafe, domin in ƙafa ta harɗe waya cajar ta fita ita kaɗai ba tare da ta jawo kwamfutar ƙasa ba? Mai rarrafe kuwa ba abin da ke jan idonsa kamar wayar da ke reto.

Shin ko kun san an taɓa ƙera kwamfuta musamman don hannun yara, aka kuma gwada ta a ƙasar nan? Ita ce XO, koriya da fara, ta shirin da Nicholas Negroponte ya sanar a 2005 na bai wa kowane yaro kwamfuta. A 2007 aka raba ta a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Allon rubutunta na roba ne a rufe ruf don ruwa da ƙura, tana da mariƙi, kuma babu faifai mai juyawa a cikinta. Masu ƙera ta sun san hannun da za ta faɗa. Ta ofis da muke sayowa ba don shi aka yi ta ba.

Shin ko kun san a 2019 ɗan shekara uku na marubuci Evan Osnos na Amurka ya yi ta danna lambar sirri ba daidai ba, har iPad ɗin uban ya ce a sake gwadawa bayan minti sama da miliyan 25? Shekara 48 ke nan da ɗoriya.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa yara alhali ba nasu ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara ya zo ya tarar, a kuma ɗora kwamfutar a kan katifa ƙofofin iskarta su toshe. Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa tana ƙona caja. In kwamfutar ta mutu da yamma, wanda aka gani kusa da ita shi ke shan faɗa.

Shin ko kun san ita ma kwamfutar tana iya yi wa yaro illa? A cikin ta tebur akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, faɗinsa milimita 20. Tsohuwar kwamfutar da aka kwance aka bari a tsakar gida tana iya zubar da shi. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin. Kada a sa shi amai. A nufi asibiti nan take a ɗauki hoto. Likitocin guba a Amurka sun ce in yaron ya cika shekara ɗaya, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti 10 a kan hanya, amma jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma.