Yadda ɗan sarki yake zama sarki: labarin Tanimu na Damagaram

 Yau za mu yi hira bisa tarihin ƙasarmu. Ku mutanen Magarya da Dungas, ku kasa kunne, don labarin ya shafi kakanninku.

Kun san ba kowane ɗan sarki ke zama sarki ba. Ƴaƴan sarki suna da yawa, gadon sarauta kuwa ɗaya ne. To, yaya mutum yake samun sa? Mu dubi Tanimu.

Tanimu ɗan Sarki Sulaiman ne, wanda ya mai da Zinder babban birnin Damagaram. Bayan Sulaiman, ɗansa Ibrahim ya hau. Tanimu bai yarda ba. A 1841 ya karɓe sarauta daga hannun ɗan'uwansa. Amma a lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Borno. A 1843 Ibrahim ya komo bisa gado. Tanimu ya yi shekaru yana jira. A 1851 ya sake hawa, bai sauka ba sai da ya rasu a 1884.

Me ya riƙe shi fiye da shekara 30? Abu uku ne.

Na fari, ganuwa. Ya kewaye Birnin Zinder da babbar ganuwa, maƙiya suka rasa hanyar shiga.

Na biyu, makamai. Ya tara bindigogi masu yawa. Maƙeransa suka yi igwa ta tagulla, aka kuma riƙa haɗa albarushi a gida.

Na uku, ciniki. Ayarin raƙuma daga Tarabulus yana sauka Zinder. Fatake suna sayen fata da gashin jimina. Sarki yana samun kuɗin fito.

Da wannan ƙarfi Damagaram ta faɗaɗa. Ƙasashen Sosebaki, irin su Mirriya da Waca da Dungas, suka shiga ƙarƙashinta. Magarya ma haka. Sarakunan waɗannan garuruwa suna kai gaisuwa Zinder.

Amma fa ku sani, ƙarfin nan talaka ne ya biya shi. Manomi ya ba da hatsi. Samari suka tafi yaƙi. Mutane da yawa an kama su, an sayar da su bayi.

Bayan Tanimu, sarauta ta zauna a gidansa. A 1899 Faransawa suka ci Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga.

Ƴan'uwa, a kowane gari akwai tsofaffi masu sanin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙen da aka yi. In tsoho ya rasu ba a rubuta ba, labarin ya tafi da shi. Yanzu kun iya karatu da rubutu. Ku ɗauki alƙalami da takarda, ku je wurinsu, ku tambaya, ku rubuta. Ku kai wa malaminku a karanta cikin aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.