Tukwanen Abuja da Masu Nemansu a Kaduna

Ranar Talata kasuwar Kawo da ke Kaduna kan cika tun hantsi. Daga cikin abin da ake kasawa akwai kayan yumɓu: randa, tulu, tukunyar miya, tandar waina, kaskon turaren wuta da asusun yara. Cinikinsu ba wuya. Mai saye ya ɗaga tukunya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kasa kunne. In ƙarar ta fita tangaran, ta gasu. In ta dushe, akwai tsaga a ɓoye. Sai a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

Akwai kuma wani cinikin tukwane a garin nan da ba shi da rumfa, sai dai ta bakin dillalai da masu sayar da kayan gargajiya. Shi ne na tsofaffin tukwanen Abuja masu sheƙi. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau, inda aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950 ƙarƙashin wani Baturen Ingila, Michael Cardew. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin aikin Ladi Kwali, 'yar Gwari, wadda ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko. Ma'aikatan gwamnati da Turawa ne manyan masu sayen butocin shayi da faranti da tulunan wurin, ga shi kuwa Kaduna ce hedikwatar Arewa a lokacin. Shi ya sa har yau akan ci karo da su a tsofaffin gidaje, wani a saman kabad, wani an dasa masa fure a tsakar gida.

Wanda ya san kaya kifa tukunya yake fara yi. A gindinta ko kusa da shi akwai hatimi biyu da aka danna tun yumɓun na ɗanye: ɗaya sunan Abuja da haruffan Larabci, ɗayan farkon haruffan sunan magini. LK na Ladi Kwali ne, MC na Cardew. Sai nauyi. Wutar da ta gasa waɗannan kaya ta haura digiri 1,200, jikinsu ya zama kamar dutse, ba ya tsatsafo, don haka tulun Abuja ba ya sanyaya ruwa irin na randar Kawo. Daga nan sai zane: ƙadangare, kunama, kada, kifi, hawainiya, an tsaga su da wuƙa, an cike da farar ƙasa, sannan aka lulluɓe da ruwan sheƙi. Hannun Ladi ba ya rawa, layinta kai tsaye yake tafiya, kuma nan ne mai kwaikwayo ke tona kansa ko da ya ƙera hatimi.

A wajen daraja, babban tulu da ta gina da hannu, ba bisa na'urar juyi ba, shi ne kan gaba. Irinsa na tashi dubban fam a gwanjon Landan. Kofuna da kwanuka na ƙasa da haka nesa. Tsaga, ɓantararren baki ko ɗinkin gam duk suna karya farashi, yayin da tsohon rasit ko hoton tulun a falon iyali ke ɗaga shi. Abin takaici, sunan Ladi, wadda ta rasu a Minna a 1984 kuma hotonta ke bayan takardar naira 20, ya rufe na abokan aikinta. Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto gwanaye ne, bai kamata a sayar da aikinsu a wulaƙance ba.

Ba kuma kowace tukunya mai sheƙi ce ta Abuja ba. Masana'antar Maraba da ke wajen gari, wadda Danlami Aliyu da Michael OBrien suka sa hannu wajen kafa ta a shekarun 1980, ta gaji salon, kuma kayanta na da kyau da nasu farashin.

Dillalin kirki na da iyakar da ba ya ƙetarewa. Dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi irin mutum-mutumin Nok ba da izini ba, kuma mai son fita da tsohuwar tukunya ƙasar waje gara ya fara kai ta gidan tarihi na titin Ali Aƙilu, jami'ai su duba kafin ya nufi filin jirgi.