Shin Ko Kun San? Kunyoyin Noma Masu Shekara 700!

Shin ko kun san a Ingila akwai kunyoyin da aka yi huɗarsu shekara 700 ko fiye da suka wuce, kuma har gobe suna nan? Mu da kunyarmu ba ta wuce damina ɗaya! A makiyayun yankin Leicester da Northampton za ku gan su jere reras, ciyawa ta lulluɓe su, tumaki na kiwo a kai.

Ku ji girma. Faɗin wata kunyar kan kai mita 20. Tsawo kuwa wajen mita 200. Tudun wasu har yanzu ya haura rabin mita, duk da ruwan sama na ƙarnoni!

Ta yaya suka yi wannan tudu? Garmar wancan zamanin, ta hannun dama kaɗai take kifar da ƙasa. Manomi ya je ya dawo yana kewaya fegi ɗaya, bana haka, baɗi haka, jikansa ma haka. Ƙasa ta yi ta taruwa a tsakiya, ruwa kuma ya gangara kwari.

Ga abin da ya fi burge ni: kunyoyin ba a miƙe suke ba. Sun lanƙwashe kamar harafin S da aka juya. Dalili? Shanu har takwas ke jan garma ɗaya, bibbiyu a jere. Juya wannan ayari ba wasa ba ne, sai a fara karkata su hagu tun kafin a kai bakin gona. Wato sawun kwanar da shanu suka sha ne kuke kallo. Ikon Allah!

Kun san eka, ma'aunin fili? Daga nan ta samo asali: yadi 220 a tsawo, 22 a faɗi, abin da shanu za su nome a yini guda.

To wa ya adana su? Tumaki! Bayan annobar da ta shigo a 1348 ta yi wa jama'a mummunar ɓarna, manoma suka yi ƙaranci, ulu kuma na kawo kuɗi. Sannu a hankali gonaki da dama suka koma makiyaya, garma ba ta sake bi ta kai ba.

A Hen Domen da ke Wales ma, masu tonon tarihi sun tarar da kunyoyi a ƙarƙashin ganuwar da aka gina wajen 1070. Gonar ta girmi ganuwar ke nan!

Mai son gani ya je da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke kwanciya a kwari.

Kuma ku riƙe wannan: ƙauyen Laxton a yankin Nottingham bai bar tsohon tsarin noman nan ba. Manyan filaye uku, babu shinge tsakanin fegi da fegi. Duk shekara kotun ƙauye na zama, wanda ya ci iyakar maƙwabci a ci shi tara!