Tauraron ɗan'adam zai iya toshe giɓin sadarwa a yankin Funtuwa da Malumfashi?

A watan Satumban 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Faskari da Dandume, da nufin daƙile 'yan bindiga. Masu POS suka rufe rumfunansu, dillalan masara suka riƙa niƙa gari zuwa Zariya domin kiran waya ɗaya tak. An dawo da layukan daga baya, amma ƙauyuka da dama har yau sabis ɗinsu sai an hau tudu, domin kamfanoni na ɗari-ɗarin kafa turaku inda ake sace batura da man janareta.

Nan ne tauraron ɗan'adam ke shigowa, domin ba ya buƙatar turke a kowane ƙauye. Sai dai taurarin iri biyu ne. NigComSat-1R, wanda Najeriya ta harba daga China a Disambar 2011, yana can nisan kilomita kusan 36,000, don haka saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Wannan ne ke sa murya jinkiri. An ƙera shi ne domin aikin shekara 15, wato ya tsufa. Taurarin Starlink kuwa, da suka fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne a nisan kilomita 550, shi ya sa suka fi sauri. Dukansu kan raunana idan ruwan damina ya tsuge, daidai lokacin da manomi ya fi buƙatar hasashen yanayi da farashin taki.

Babbar matsalar kuɗi ce. A Oktoban 2024 Starlink ya nemi ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, har hukumar NCC ta ce ba da amincewarta ba. Ko a tsohon farashin, ƙaramin manomin auduga ba zai iya ba.

Abin da ya fi kama hankali shi ne faranti guda, da sola da batir, a asibiti ko kasuwar ƙauye, ya raba Wi-Fi ko ya ciyar da ƙaramin turken waya. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin irin wannan aiki. Hakkin 'yan majalisar yankin ne su nemi a bayyana nawa asusun ya kashe a kudancin Katsina, kuma a waɗanne ƙauyuka.