Wa Ke Tare Gubar da Ke Cikin Tsire?

Ga kacici-kacici. Mutum ya ci tsire a tashar Birnin Ƙonni, ya ƙoshi, ya yi barcinsa lafiya lau. Alhali jiki ya narka naman zuwa amino asid, kuma duk wanda ya ƙona daga cikinsu sai ya bar amoniya, gubar da kaɗan ɗinta ke rikita ƙwaƙwalwa. To ina ta shige?

Za ka ce ƙoda. A'a, ƙoda fitar da yuriya take yi a fitsari, ba ita ke haɗa ta ba. Hanji fa? Shi ma ƙara amoniyar yake. Saura hanta, wadda Hans Krebs da Kurt Henseleit suka nuna a 1932 yadda take mayar da amoniya yuriya.

Magana ta ƙare? Da sauranta. Ƙwayoyin hanta masu haɗa yuriya sai amoniya ta yi yawa suke cafke ta, 'yar ragowa tana sulalewa. Amma jini na barin hanta kusan tas. Akwai wani a laɓe.

Wane ne?

A 1983 Dieter Häussinger, a Jamus, ya tura ruwa mai amoniya cikin hantar ɓera. Ta hanyar da jini ya saba bi, yuriya ta fito. Ya juya kwararar. Sai ga gulutamin ta ƙaru, yuriya ta ragu!

Ashe shinge biyu ne, kamar na kan iyakar Ƙonni. Ƙwayoyin da ke mashigar jini su ne ke farfasa yawancin amino asid, su kwashe amoniya da yawa zuwa yuriya. Can a mafita kuma, kewaye da jijiyar tsakiya da ke fitar da jinin, akwai siririn layi, bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin hanta ba, yana damƙe abin da ya kuɓuce ya mayar da shi gulutamin marar cutarwa. A 1983 ɗin nan Rolf Gebhardt da Dieter Mecke suka gano mazauninsa. Tsarin nan yana burge ni matuƙa.

Yankin mafitar nan ne farasitamol ke fara lalatawa idan an sha fiye da ƙima. Mai ciwon hanta kuwa, in ya fara barci da rana, ido biyu da dare, yana ruɗewa, hannu na karkarwa, kada a tsaya cewa iska ce. A garzaya da shi asibitin Ƙonni ko na Galmi.