Daga Haruffan Rashanci zuwa Ƙugiyar Hausa: Yadda Kwamfuta ke Riƙe Baƙi

A lokacin da nake tattara rubuce-rubucen Hausa a Cadawa domin aikin bincikena, wani malami ya ba ni fayil na labaran da ya jima yana bugawa ɗalibansa. Da na buɗe shi sai na ga "}asa" a gurbin ƙasa, "]aya" a gurbin ɗaya, "~era" a gurbin ɓera. Malamin bai yi kuskure ba. Matsalar tana cikin yadda na'ura ke adana harafi.

Kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani. Akwai jadawalin da ke cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. Jadawalin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 gare shi, inda lamba 65 ke nufin A. Da aka faɗaɗa guraben zuwa 256, sai kowace al'umma ta shiga cusa haruffanta a rabin da ya ƙaru.

Rashawa, masu haruffa 33 na rubutun Sirilik, sun fi kowa shan wahalar wannan zamani, domin jadawalinsu ya yi yawa: KOI8-R, da CP866, da ISO 8859-5, da Windows-1251. Lamba 193 ƙaramin "а" ce a KOI8-R, amma babban "Б" ce a Windows-1251. Don haka wasiƙar da aka rubuta da wancan aka buɗe da wannan sai ta fito shirme zalla. Sai dai KOI8 na da wata hikima da ta burge ni. An jera haruffansa daidai da takwarorinsu na Latin, ta yadda in tsohuwar na'ura ta zubar da 128 daga lambar, 193 za ta koma 65, wato A, saƙon ya fito da boko kuma a iya karanta shi.

Su yawan jadawali ya dame su. Mu kuwa manyan jadawalan da kwamfutocin ofis ke amfani da su ba su san da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sam. Dabarar da aka yi ita ce a sake zanen harafi a bar lambarsa. Haka salon rubutun Rabi'at yake, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar a shekarun 1990: ido na ganin ƙ, na'ura kuwa alamar baka ta ajiye. Ya yi wa maɗaba'u babban amfani, amma da zarar fayil ya je kwamfutar da ba ta da shi, asiri ya tonu.

Unicode, da ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa shi kaɗai. Ta ƙ ita ce U+0199, ta ƴ kuma, wadda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ke amfani da ita inda Nijeriya ke rubuta 'y, U+01B4. Abin lura ga ɗalibin ilimin furuci: ɓ da ɗ a sashen alamomin IPA suka sami masauki. Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. In manhaja ta karanta fayil na UTF-8 da tsohon jadawalin Windows-1252, ƙ kan zama "Æ™".

Ga mai tara matani domin nazari, wannan ba batun ado ba ne. Manhajar ƙirga kalmomi za ta ɗauki "}asa" da "ƙasa" a matsayin kalmomi biyu, in kuwa an share ƙugiya don gudun wahala, baki da baƙi, fada da faɗa, sun zama abu guda. Fayil ɗin malamin ya gyaru cikin sauƙi, domin kowace alama harafi ɗaya take wakilta, musanya kawai na yi. Wanda aka buga ba ƙugiya ko ɗaya kuwa, sai da na zauna na bi shi kalma bayan kalma.